Igiyar Kawu da ta dawo gida

Samarin unguwarmu masu son shiga kasuwanci sukan zo su zauna a dakalin ƙofar gidana bayan la'asar, su tambaye ni halin da mutum yake bukata kafin sana'a ta karɓe shi. Suna tambayata ne don sun ji an ce na yi fataucin fata tun zamanin Turawa. Nakan ce musu ƙwazo, da iya zama da jama'a, da rashin tsoron hanya. Su gyaɗa kai su tafi. Duk waɗannan ina da su tun ina saurayi, ba su kuma hana ni yin abin da na yi ba. Abin da na rasa ban taɓa iya faɗa musu shi a dakali ba, don sai an ba da labarinsa tun daga farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci bayan na riga na tara iyali.

Mahaifina ya rasu tun ban mallaki hankalina ba, aka kai ni Roni hannun kawuna, yayan mahaifiyata. Shi ya sa ni makarantar allo, shi ya yi mini aure. Sana'arsa fata ce, ta awaki da ta tumaki. Yana sayenta ɗanya a hannun mahauta a kasuwannin Roni da Gwiwa da Kazaure, wani lokaci har Babura, inda Fulani da Buzaye suke shigowa da dabbobi daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa take mulka. Ya gyara, ya shanya, ya ɗaure, ya ɗora wa jakuna zuwa Kano. A Fagge yana da mai masauki, wani dogon dattijo siriri. A gidansa muke sauka, shi ne kuma yake karɓar kayan ya rarraba wa majema, ragowar ya kai kantin Turawa.

A bayan gidan Kawu akwai doguwar rumfa ta kara, a buɗe gaba da baya don iska ta ratsa. Fata ba ta shiga rumfar nan sai an wanke jininta, an kankare kitse da guntun naman da wuƙar mahauci ta bari. Sannan a huda gefenta, a ɗaure da zare a jikin itace, a ja ta miƙe. Ba ta taɓa ƙasa, rana kuma ba ta ganinta. Haka za ta yi kwanaki tana shan iska. Yawancin mutane a lokacin ba haka suke yi ba. A ƙasa suke shimfiɗa ta cikin rana, su kafe ta da turaku, kafin yamma ta bushe ƙamas. Kawu yakan ce irin wannan bayanta ne kawai ya bushe, cikinta yana nan da ruwansa, a can take ruɓewa ba mai gani, sai ranar da ta shiga ruwan tokar majemi asirinta ya tonu. Ni dai ina jin maganar nan kamar yadda yaro yake jin faɗan manya. A lokacin ban taɓa zuwa majema na gani da idona ba.

Kawu bahago ne. Da kansa yake tufka igiyarsa ta rama, kuma saboda hannun hagu murɗinta ya saɓa da na kowa. Ɗaurinsa ma haka. Idan ya jera fatu ya ninke, sai ya zagaya igiyar, ya ƙulla a gefen hagu, ya mayar da bakinta ya cusa ƙarƙashi, ba ka ganin inda ta fara ko inda ta ƙare. Ba ya kuwa ƙullawa sai ya bi fatun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa, ya lanƙwasa, ya kai hanci.

A zauren mai masaukinmu, kayan kowa sai an kwance. A baje su a tsakar zaure, a ɗaga kowace fata a haske ana neman ɓula da ruɓa, mai kaya yana tsaye yana rantse-rantse yana share gumi. Namu kuwa mai masauki yakan dubi ɗaurin kawai, ya tambayi Kawu abin da ke ciki, ya ce a shigar. Haka kayan za su wuce majema da igiyarsu a jiki, can ma an san ta, har rububinta ake yi. Saboda haka igiyar Kawu ba ta dawowa gida. Kowace tafiya sai sabuwa, shi kuma kullum ka gan shi a gindin darbejiyar ƙofar gida yana cikin tufka.

Ina jin daɗin wannan abu, ba zan ɓoye ba. Ina son yadda sauran fatake suke kallonmu muna zaune muna shan fura su suna durƙushe a kan kayansu. Amma na ɗauke shi kamar wata sarauta ce da gidanmu ya gada, ban taɓa zama na yi tunanin yadda aka same shi ba. Ni dai na san na iya ciniki. Mahauta suna sona, don nakan tuna sunayen 'ya'yansu, na kuma iya ba'a. Ba na gajiya da tafiya. Kawu da kansa yakan ce ƙafata ta fi tasa, bakina ya fi nasa. Nan yake tsayawa, ni kuma ban taɓa tambayarsa abin da ya rage ba.

Wadda take ƙarasa maganar ita ce babbar 'yarsa, abokiyar wasana. Mijinta ya rasu ta dawo gida tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, ba mu taɓa rabewa ba. Sarkin gaggawa take ce mini. Ta ce ni ne mutumin da zai cinye tuwo gaya sannan ya zo yana tambaya ina miya. In ce mata ai da na jira miyarta da yunwa ta kashe ni tuntuni.

Sannu a hankali idon Kawu ya fara yin yana. Da farko yana gane mutum idan ya matso, daga baya sai haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Ya bar mini hanya, amma bai bar ɗauri ba. Duk fatar da na sayo sai ta zo Roni, ta sha iska a rumfarsa, ta bi ta hannunsa. Muka yi shekaru a haka. Ni ne na dame shi da cewa wahalar ta yi yawa, a ce fatar Babura sai an kawo ta Roni sannan a koma da ita hanyar Kano. Na ce ya bar ni in kafa rumfa a Kazaure, a gidan surukaina, kusa da hanya. Aka yi kwanaki. Wata safiya ya kira ni cikin rumfa, ya kama hannuwana ya ɗora a kan igiya, ya bi da su har ƙullin ya fita. Muka maimaita, don hannun dama ba ya son bin hanyar hagu.

Da na iya, ya ce, “Ka gani ba wuya gare shi ba. Yaro ma zai koya kafin azahar. Na hana ka ne don duk wanda ya ƙulla shi ya rantse, ko bai buɗe baki ba.”

Na ce, “Na ji, Kawu.”

Na ji ɗin, amma hankalina yana Kazaure, ina auna inda zan kafa rumfa.

Wannan ya zo daidai da shekarun da ake ɗibar samari ana kai su yaƙin Bama a ƙetaren teku. Fata ta yi daraja irin wadda ba mu taɓa gani ba. Kantin Turawa yana nema, majema suna nema, duk wanda yake da jaki ya zama falke. Ana saura kaɗan Babbar Sallah na kai kaya Kano, zaure cike da baƙi. Mai masauki yana bin kowa yana tambayar abin da zai iya kawowa bayan layya, don ya san alkawarin da zai yi wa majema. Wani falke daga wajen Daura ya cika baki, aka yi ta yaba masa. Da aka zo kaina, na ce zan kawo ninkin abin da Kawu ya taɓa kawowa a shekararsa mafi kyau. Ban shirya faɗin haka ba. Na ji maganar ta fito ne kawai, na ga fuskoki sun juyo wajena, na ji daɗi.

Mai masauki ya dube ni ya ce, “Rumfar taku ta ƙara tsawo ke nan?”

Na ce ai yanzu biyu ce. Ya ce to Allah ya taimaka.

Sallar shekarar nan a ƙarshen kaka ta zo, rana ba ta rage zafi ba. Na baza mutane Gwiwa da Babura da Achilafiya, na bi malaman da ake ba fatar layya sadaka, na bi mahauta, na bi gida-gida. Ƙwazon nan da nake yi wa samari wa'azinsa, a makon nan na nuna shi duka. Fata ta taru har ta fi ƙarfina. Rumfar Roni ta cika, ta Kazaure ta cika, ga sauran jibge a tsakar gidan surukaina. Ɗanyar fata kuwa ba ta jira. Idan ta kwana ba a shanya ba, washegari ƙuda ne zai faɗa maka.

Ba zan ce ban ga mafita ba. Na gan ta sarai. In bar wa wasu abin da rumfa ba za ta ɗauka ba, in kai Kano abin da ya samu, in tsaya a tsakar zaure in ce na faɗi abin da ya fi ƙarfina. Za a yi dariya, falken Daura zai yi mini ba'a, mai masauki zai je ya ba majema haƙuri. Shi ke nan. Amma duk lokacin da na kawo zauren nan a raina, sai in ji gara komai da wannan.

Bayan garin Kazaure akwai falalen duwatsu waɗanda da rana ba ka iya taka su ba takalmi. Can na sa aka kwashe sauran fatun, aka shimfiɗa, aka danne gefensu da duwatsu. Kafin la'asar sun bushe. Da na ɗaga ɗaya na duba, wallahi ta fi ta inuwa kyan gani, fes da ita, ba ƙura, ba wari. Na tsaya a kan dutsen nan na ce wa kaina, ashe dai tsoron tsofaffi ne.

Ko a nan ma da sauran hanya. Fatar rana tana da masu sayenta, tana da nata farashin. Da na ɗaure ta da igiyar kasuwa na ce ga ta inuwa ga ta rana, ba wanda zai ce na yi laifi. Amma sai an kwance ta ke nan a gaban mutane, ni kuwa so nake in ji an ce a shigar. Na gauraya su, na ɗauko igiyar Kawu, na ƙulla a gefen hagu, na cusa bakin ƙarƙashi. Ban kai ko ɗaya hanci ba. Ina jin na san dalilin da ya sa ban kai ba.

A Kano komai ya tafi yadda na so. Jakuna suka cika ƙofar gida, mai masauki ya dubi ɗauri ya ce a shigar, mutane suka yi ta sa mini albarka. Na sayo wa Kawu hula da goro, na sayo wa 'yarsa turmin atamfa. Da na dawo Roni, Kawu yana juya hular a hannunsa ya tambaye ni yadda rumfa biyu suka ɗauki wannan kaya. Na ce iskar bana mai kyau ce. Abokiyar wasana ta ce ashe har iska ta koyi gaggawa a wajen sarkinta. Aka yi dariya. Kawu bai yi ba, bai kuma ƙara tambaya ba. Ya sa hular.

Tafiyar da ta biyo baya, kayana duka na inuwa ne, ba mai aibi ko ɗaya. Mai masauki ya tarbe ni kamar kullum, ya tambayi jikin Kawu, ya sa aka kawo ruwa. Da aka sauke kaya ya daɗe yana kallon ɗaurin. Sannan ya ce wa barorinsa, “A kwance.”

Kowa a zauren ya juyo. Barorin ma sai da suka dubi juna, don ba su san yadda ake kwance shi ba, ba su taɓa yi ba. Ni na durƙusa na nuna musu inda bakin igiyar yake. Aka baje, aka ɗaga kowace fata a haske. Ba a samu komai ba. Mai masauki ya ce kaya sun yi kyau, a shigar. Wani bara ya naɗe igiyar ya miƙo mini.

Da rana ta yi sanyi ya ce in raka shi. Bai faɗi inda za mu ba sai da wari ya faɗa mini. Ranar na fara shiga majema. Ya kai ni wajen wani majemi mai furfura, hannuwansa baƙi ƙirin da bagaruwa. Mutumin ya sa sanda cikin wani rami ya ɗago fata. Fuskarta ta sale kamar jikin wanda wuta ta ƙona, da ya ɗan ja ta sai ta rabe biyu. Ya ɗago wata, haka. Ya nuna mini tarin da ya zubar a gefe. Ya riga ya karɓi aikin dukawa a kan fatun nan, ya zuba musu toka da bagaruwa da ƙarfinsa, yanzu dukawan sun koma wajen wani. Bai zage ni ba. Ya tambayi mai masauki ko ni ne ɗan gidan bahago, aka ce ni ne.

Ya ce, “Yana nan da rai?”

Na ce yana nan.

Ya ce, “To alhamdu lillahi. Da na buɗe kayan na ɗauka ya rasu ne.”

A hanyar komawa na ce zan biya asarar, mai masauki ya ce wannan dole ne, kuma na biya. Ya ce ba zai kore ni ba, zai ci gaba da karɓar kayana kamar na kowa. Ya ce shi ba zai aika wa Kawu ba, ni zan faɗa masa da bakina.

Ban faɗa ba. Na ce wa kaina tausayi ne, me zai sa in ɗora wa tsoho makaho baƙin ciki. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoron nan ne dai na zaure, ya biyo ni gida. Na ci gaba da kai kaya ana kwancewa, igiyar da aka miƙo mini in bayar da ita a hanya ko in bar ta a Kazaure. In dawo Roni in tarar da Kawu a gindin darbejiya ya tufka mini sabuwa, yana tambayar abokinsa na Fagge, yana cewa in riƙa yi masa magana da wuri idan igiya za ta ƙare. A cikin dukan abin da na yi, wannan ne yake hana ni sukuni har yau. Abin da na yi a kan dutse na yi shi ne a yini ɗaya, cikin ruɗu. Wannan kuwa watanni na yi ina yinsa, ina kallon hannuwansa.

Da damina ta sauka muka dawo daga Kano da gishiri da kanwa. A hanya ruwa ya kama mu, igiyar wani mangala ta tsinke, mai kora mini jakuna ya laluba cikin kayana ya ɗauko wadda ya samu ya ɗaure. Ban lura ba. Kawu yana da al'ada, duk ranar da jakuna suka dawo sai ya fito ya shafa bayansu ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda kaya suka goge su. Muka iso da hantsi. Ya fito, 'yarsa tana riƙe da sandarsa. Ya shafa na farko, ya shafa na biyu. A kan na uku hannunsa ya tsaya.

Ya ce, “Wannan igiyata ce.”

Na ce rara ce, wadda ban yi amfani da ita ba. Ya sa aka kwance masa ita. Ya bi ta da yatsunsa tun daga baki, har ya zo inda ta lanƙwashe, inda ƙulli ya zauna ya bar shaidarsa. Ya kai ta hanci.

Ya ce, “An ƙulla ta a kan fata, an kuma kwance. Wa ya kwance?”

A nan ƙofar gida na durƙusa cikin taɓo na faɗa masa duka, tun daga cika bakin da na yi har ramin majemi. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun bayan Sallah.

Ya ce, “Ni kuwa ina ta tufka.”

Ya miƙa wa 'yarsa hannu ta mayar da shi ciki. Ita ko kallona ba ta yi ba. Daga ranar ba ta sake ce mini sarkin gaggawa ba, har ta koma ga Allah. Da sunana take kirana, cikin ladabi, kamar baƙo.

Bayan kwana kaɗan Kawu ya ce a ɗaura wa jaki shimfiɗa, Kano za shi. Kowa ya hana, aka ce damina ce, aka ce jikinsa, aka ce a aika mana. Ya ce ba saƙo ba ne. Ya ce ni zan ja shi. Muka kama hanya, yana kan jaki ina riƙe da igiya a gaba. Na yi ta jiran faɗa, bai zo ba. Hira yake yi mini ta hanya. Ya tambaya ko kukar nan ta bakin rijiya kafin a shiga Dambatta tana nan, na ce tana nan. Ya tambayi yadda gero ya yi a gonakin da muke wucewa, ya ce yana jin ƙanshinsa. Idan muka sauka sallah ni nake juya shi ya fuskanci gabas. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da muka isa Fagge aka shiga aka faɗa wa mai masauki. Ya fito ba takalmi.

Ya ce, “Bahagon Roni, kai da kanka? Wa ka bari a gida yana tsorata awaki?”

Kawu ya ce, “Na zo in ga ko ka ƙara muni ne, sai Allah ya tausaya mini ya ɗauke idon.”

Suka riƙe hannun juna suna dariya, har na ga mai masauki yana share ido da bakin rawaninsa. Amma Kawu ya ƙi shiga ya huta. Ya ce a kai shi wajen majemin tukuna.

Muka same shi a bakin raminsa. Kawu ya girme shi nesa, amma ya saki sandarsa ya durƙusa a ƙasar majema, cikin ruwan toka da gashi. Ya ce igiyarsa ce, ɗaurinsa ne, ya zo neman gafara. Majemin ya rikice, ya durƙusa shi ma yana cewa ya tashi don Allah, ya yafe tuntuni, ai an ma biya shi. Ni kuma na matso na ce Kawu bai san komai ba, ni ne na yi.

Kawu ya juyo wajen muryata ya ce, “Yi shiru. Ba da kai ya yi ciniki ba.”

Da muka koma masauki, bayan an ci abinci, mai masauki ya kawo shawara. Ya ce a koma yadda ake da. Duk kayan da Kawu ya shafa da hannunsa ya ƙulla da kansa, shi zai ce a shigar, ba zai duba ba. Na ga ƙofa ta sake buɗe mini. Har na ɗauka Kawu zai yarda.

Ya ce, “A'a. Yanzu ko bakinka ya ce a shigar, zuciyarka za ta so ta leƙa, kuma tana da gaskiya. Kada in sa ka cikin wannan wahala da tsufanka. Ka riƙa kwancewa. Yaron dai ka riƙe mini shi, ya iya aiki.”

Haka aka yi. Mai masauki ya riƙe ni har ya rasu, ɗansa ya ɗora. Na yi fataucin fata har bayan Turawa sun tafi, na gina gida, na aurar da 'ya'ya, na je Makka. Ban sake shanya fata a rana ba, ban kuma sake yin alkawarin abin da rumfata ba za ta ɗauka ba. Sau da yawa na shiga zaure da kayan da ba su kai na kowa ba, aka yi mini ba'a, na gane ashe abin da na guda ɗin bai wuce zafin yini ɗaya ba. Mutane sukan ce na yi nasara, ba na musu. Amma har ɗaurina na ƙarshe sai da aka kwance aka ɗaga a haske, ina tsaye ina jira kamar kowa.

Kawu ya yafe mini. Ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu kafin ya rasu, ya kuma sa mini albarka. Ƙullin nan dai bai sake yinsa ba, ni ma ban sake ba, ban kuma koya wa kowa ba, ko da yake yatsuna sun riƙe shi har yanzu. Tufka kuwa bai daina ba, don hannunsa bai saba zama haka nan ba. Ran kasuwar Roni 'yarsa takan kai shi layin masu igiya ta zaunar da shi, yana sayar wa masu ɗaure awaki da masu guga. Na roƙe shi ya bari, na ce ba abin da ya rasa a gida. Ya ce ya sani.

Wata ranar kasuwa ina tsaye nesa kaɗan, na ga wani baƙo ya tsuguna a gabansa ya ɗauki igiya ɗaya yana jujjuyawa. Ya ce wannan ai murɗinta a baibai yake, wanda ya tufka ta bai iya ba, sai dai a rage masa. Kawu ya ce haka ne, bahago ne ya yi ta, ya ɗauka a yadda ya taya. Mutumin ya ɗaura ta a wuyan wata jar akuya, ya ja ta suka shiga cikin kasuwa.